Don Allah a ba ni shawara: lasisin Windows Server ɗaya na saya, yanzu an ce bai isa ba

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan hankalina ba a kwance yake ba. Ina aiki a kamfanin kawuna a nan Kano, muna sarin kayan masarufi, shaguna biyu a kasuwar Singa da sito ɗaya a Sharaɗa. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya biya min makaranta, da na dawo daga bautar ƙasa ya ce in zo in kama masa harkar kwamfuta. Lokacin komai a littafi ake rubutawa, in ruwa ya taɓa littafin bashi sai a kwana ana gardama da kwastoma. Babban ɗansa kuma tun farko bai so zuwana ba, kullum cewa yake kuɗin da ake kashewa a kan kwamfuta asara ne. Na faɗi wannan ne don ku gane inda nake tsaye.

Bara na shawo kan Kawu ya sayi saba ta hannu, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke aiki ta kanta. Na ɗora mata Hyper-V, manhajar Microsoft mai raba kwamfuta ɗaya zuwa da yawa, na raba ta zuwa kwamfutocin kwaikwayo shida, wato VM. Huɗu Windows Server 2022 ne, ɗaya Ubuntu, wato wani nau'in Linux, ɗaya kuma Windows 10 Pro da akantarmu ke shiga daga gida. Lasisin Windows Server bugun Standard ɗaya na saya, kuma duk huɗun sun karɓi lambar lasisin sun kunnu lafiya. To yanzu wani kamfani da muke neman zama dilansa ya aiko takarda, cikin abubuwan da suke so har da shaidar lasisin manhajojinmu. Abokina ya ce lasisi ɗaya ba ya ɗaukar huɗu. Gaskiya ne? Ya zan yi da Kawu?

Injiniya Mai Saba:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ba mu tarihin gidanku kaf amma ka bar abin da ake buƙata. Furosesa nawa ne a sabar, ƙwaya, wato core ɗin da ke cikin furosesa, nawa ce a kowace? A ina ka sayi lasisin, akwai takardar ciniki? Mutum nawa ke shiga? Kafin ka amsa, riƙe wannan: kunnuwa daban, lasisi daban. Lamba ta shiga ba ya nufin kana da izini. Tun daga Windows Server 2016 ƙwayoyin furosesa ake ƙirgawa, dole ka biya wa duk ƙwayar da ke cikin ƙarfen, mafi ƙaranci 16 ga saba ɗaya, 8 ga kowace furosesa. In ka cika wannan, Standard VM biyu kacal ya ba ka. Kana son wasu biyu, ka sake biyan duk ƙwayoyin daga farko.

Abban Hanifa:
Furosesa biyu ne Yallaɓai, ƙwaya 10 kowace. Lasisin na ƙwaya 16 ne. Mu goma sha huɗu ne. Amma ai kowace VM ƙwaya biyu ko huɗu na ba ta, ban taɓa cinye 16 ɗin ba.

Injiniya Mai Saba:
Ba abin da ka ba VM ake dubawa ba, abin da ke cikin ƙarfe ake dubawa. Ƙwaya 20 gare ka, ka biya 16, ke nan ko biyun farko ba ka gama biya musu ba, saura fakiti biyu na ƙwaya bibbiyu. Huɗu kuma lasisin ƙwaya 40 suke so. Ubuntu ba ta cikin lissafi. Uwar sabar ma, wato Windows ɗin da ke kan ƙarfen kai tsaye, ba a ƙirga ta matuƙar Hyper-V kaɗai take yi, amma ranar da ka buɗe mata fayilolin ofis ta cinye gurbi ɗaya cikin biyun. Sannan mutum 14 ɗin nan kowa na buƙatar CAL, wato lasisin shiga saba, ko ka saya bisa kan mutum ko bisa kan na'ura. Shekara goma sha biyu ina wannan aikin, ba ji na yi ba.

Ɗan Farm Centre:
Haba Injiniya, kada ka tsorata yaro. Malam, wa ya taɓa zuwa Singa duba lasisi? Ka tura musu hoton da ke nuna Windows ta kunnu, magana ta ƙare. Ni ma'aikatar da na bari watanni biyar suka riƙe min albashi, su ma haka sabarsu take, har yau suna nan daram, ni ne dai ban ga kuɗina ba.

Maman Sadik:
A'a, wannan ba shawara ba ce. Ni akanta ce, na ga yadda irin takardar nan take. Sa hannu ake yi a ƙasanta, kuma Kawun ne zai sa, ba shi ba. Ka sa dattijo ya rattaba hannu a kan abin da ba haka yake ba, alhali ya ba ka amana? Ban da ma haƙƙin masu kaya. Mu a ofishinmu wanda ya haɗa mana saba bugun gwaji ya saka mana, mai kwana 180, ya karɓi kuɗin cikakke ya tafi. Da wa'adin ya cika sai saba ta riƙa kashe kanta duk bayan awa ɗaya, a tsakiyar biyan albashi, ni aka tsare da ido kamar ni na ci kuɗin. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ɗana, ina takardar cinikinka?

Abban Hanifa:
Mama, saƙon imel ne da lamba a ciki, sai shaidar tura kuɗi ta banki. Mutumin amintacce ne, mutane da yawa na saye a wurinsa. Kuma ku yi min adalci, lokacin dala ta tashi, Kawu ya riga ya sayi saba da batiran inbata, ba yadda za a yi in koma in ce a ƙaro. Na yi abin da zan iya ne.

Injiniya Mai Saba:
Nawa ka biya? Farashin da Microsoft ta sa wa Standard 2022 mai ƙwaya 16 dala 1,069 ne, babban bugun Datacenter dala 6,155. In abin da ka biya bai yi kusa da na farkon ba, lamba ka saya, ba lasisi ba. Kuma lambar da ta kunna huɗu ba gardama, ni alama ce gare ni cewa ta wani babban kamfani ce aka ɓalle ake sayarwa. Ita kuma Windows 10 ɗin, daga ina?

Abban Hanifa:
Ta jikin wata laftof ɗin ofis ce da ta mutu, sitikarta na nan. Ai kuɗinmu ne muka saya.

Injiniya Mai Saba:
OEM ke nan, wato wadda ta zo da na'urar daga kamfani, tare da laftof ɗin take rayuwa, tare suke mutuwa, ba ta ƙaura zuwa saba. Windows ta tebur da za a ɗora a saba ana shiga daga nesa lasisinta daban ne, VDA ko Enterprise E3. Ga shi kuma wa'adin tallafin Windows 10 ya tsaya a 14 ga Oktoba 2025. Ka kashe ta kawai.

Malam Na Linux:
Duk wannan wahalar ta mece ce? Ka sa Proxmox a madadin Hyper-V, kyauta ne, ka mayar da fayiloli da sauran ayyuka kan Ubuntu da Samba, manhajar raba fayiloli, ka bar Windows ɗaya tak saboda manhajar lissafi. Ni tun 2019 nake faɗa a gidan nan ba mai saurarena, sai an shiga rami a zo ana salati.

Injiniya Mai Saba:
Proxmox ba ta kuɓutar da shi daga biyan lasisi. Ko VM ɗaya ce ta Windows Server a kai, ƙwaya 20 ɗin nan sai ya biya.

Baƙo Daga Kaduna:
Injiniya, da gyara kaɗan. Tun Oktoba 2022 ana iya biya wa VM ita kaɗai, mafi ƙaranci ƙwaya 8 kowace, in lasisin na biyan shekara-shekara ne ko mai Software Assurance, wato ƙarin yarjejeniyar sabuntawa ta Microsoft. Huɗu sun zama 32 ke nan maimakon 40. Wata dabara kuma: ya zare furosesa ɗaya gaba ɗaya, saura ƙwaya 10, lasisin 16 ya rufe shi, ya haɗe ayyukansa cikin VM biyu. Sai dai ramukan RAM na ɓangaren da aka zare za su daina aiki, sai ya duba ko sauran za su ɗauke shi.

Injiniya Mai Saba:
Na san da wannan, ban kawo ba ne don ba ta dace da shi ba. Wanda ya kasa biya sau ɗaya shi za ka ɗora wa biyan kowace shekara? Kuma duk dabarar zare furosesa a kan lasisi na gaske take tsayawa, nasa kuwa har yanzu bai faɗi nawa ya saya ba.

Abban Hanifa:
Ba zan iya haɗe su biyu ba, da dalili na raba. Bara manhajar sito ta maƙale ta ja komai ya tsaya, motoci uku na jiran lodi a ƙofa, direbobi na ta huci, ɗan Kawu na tsaye a kaina yana kiran babansa a waya. Tun ranar na yi alkawarin kowane aiki da ɗakinsa. Linux kuma in na yi tafiya wa zai taɓa ta? Kuɗin da na biya ba shi ne matsalar ba, mutumin ya ce min na gaske ne.

Maman Sadik:
Ɗana, je ka sami Kawunka yau, kafin ɗansa ya ji a wani wuri. Ka nemi dilan da zai ba ka takardar farashi a rubuce, ka kai masa.

Ɗan Farm Centre:
Ya je ya faɗa a kore shi, ku za ku ciyar da Hanifa?

Abban Hanifa:
Na gode duka, Allah ya saka. Kawu ya tafi Umara sai mako mai zuwa, takardar kuma ranar Alhamis suke so. Tambaya ɗaya: in na shiga BIOS, wato saitin tushe na sabar, na kashe ƙwaya huɗu suka koma 16, sannan na kashe VM biyu zuwa a gama duba takardun, hakan ya wadatar? Injiniya kana nan?