Zuma da citta sun isa ga kowane tari? Muhawarar 'yan zauren Gusau

Mai maganin gargajiya: Ni dai ina nan kan bakata, tarin hunturu bai fi ƙarfin citta da zuma ba. A daka citta ɗanya kamar tsawon ɗan yatsa, a jefa kanumfari uku, a tafasa da ruwa kofi biyu har ya koma ɗaya. A tace, a bari ya huce kafin a zuba zuma cokali ɗaya da rabin lemun tsami. Safe da dare.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, haɗin nan ban ƙi shi ba. Zuma na lulluɓe maƙogwaro, ta rage ƙaiƙayin da ke tayar da tarin dare. Amma a cire jariri. Yaron da bai cika shekara ɗaya ba, ko lasa kada a ba shi, domin zuma kan ɗauki ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya kashewa, sai jiki ya saki, ya kasa tsotso.

Mai maganin gargajiya: Wannan na karɓa, 'yata. To sirace fa?

Ma'aikaciyar jinya: Babba ya yi abinsa. Yaro kuwa, tukunyar tafasasshen ruwa a ƙarƙashin bargo ƙuna take jawowa. In yaro na tari, ku ɗaga rigarsa ku ƙirga numfashi na minti ɗaya yana kwance a natse. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50; daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ko ƙasan ƙirji na lotsawa ciki duk ya ja iska, nimoniya, wato ciwon huhu, ake zato. Asibiti a ranar.

Malamin asibiti daga Anka: Inda na fi damuwa shi ne kalmar "kowane". Tarin da ya kai mako biyu, ga zufar dare, ga rama, wani lokaci kaki da jini, tarin fuka ake fara nema. Gwajin kaki kyauta ne a asibitin gwamnati, maganin ma kyauta, wata shida ba fashi. Masu niƙa dutsen zinare kuma, ƙurar da suke shaƙa tabo take bari a huhu, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa.

Mai maganin gargajiya: Malam, ai ko mu ba ma riƙe mai tofar da jini. Amma bagaruwa na busar da majina.

Malamin asibiti daga Anka: Tana da bauri mai ƙarfi, Baba, in an yawaita sai ta ɗaure ciki. Kwana nawa kuke ba mutum kafin ku ce ya tafi gwaji?

Mai maganin gargajiya: Bakwai. In bai sauka ba, ya wuce wurinku.