Taƙaitawar shawarwari kan sabunta manhaja idan Django ya fitar da sabon zubi

'Yan'uwa masu rubuta manhaja a Jidda da Makka, ga abin da na tattara daga doguwar tattaunawarmu kan Django, tsarin da ake gina manhajojin yanar gizo da shi a yaren rubuta manhaja na Python.

1. Kowa ya yarda cewa a fara da karanta bayanan da ke tare da sabon zubin, sannan a gudanar da gwaje-gwaje da umarnin python -Wa manage.py test, domin yana fito da gargaɗi kan abubuwan da za a cire nan gaba. An kawo misalin url(), umarnin tsara adireshin shafuka da aka cire a Django 4.0, wanda dole a maye gurbinsa da re_path() ko path().

2. A duba Python tukuna, tunda Django 5.0 ba ya aiki da zubin Python da ya gaza 3.10. A Django 5.0 ne kuma aka daina karɓar pytz, kayan aikin da ke kula da bambancin agogon ƙasashe, don haka mai lissafa lokutan salla ko na jirage da agogon Riyadh ya koma zoneinfo da ya maye gurbinsa, ya sake gwada lissafinsa da kyau.

3. Ra'ayi ya rabu kan tsallake. Wasu sun ce a bi zubi ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma sun fi son tsalle daga 4.2 zuwa 5.2, masu dogon tallafi, wato waɗanda ake daɗewa ana fitar musu da gyara. Ni ina tare da na farko, saboda kuskure ya fi saurin ganuwa.

4. Masu manhajar hidimar alhazai sun nace cewa kada a taɓa komai daga Shawwal har a gama aikin Hajji, kuma babu wanda ya musa musu.