Motata tana zafi jefi-jefi, amma a gaban bakanike lafiyarta ƙalau

Mai Tsohuwar Mota:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san inji, don al'amarin motar nan ya fara hana ni sukuni.

Ƙirar 2004 ce, injin fetur mai silinda huɗu, lita 1.8, ta ci kilomita 310,000 da ɗoriya. Ba a taɓa buɗe injinta ba, ba ta shan baƙin mai fiye da kima, bugu ɗaya take tashi. Tun da ta zo hannuna allurar zafi ƙasa da tsakiya kaɗan take zama, ko motsi ba ta yi. A 'yan watannin nan ne ta ɓullo da wani hali. Sai in daɗe ina hawa lafiya lau, rana ɗaya kawai in ga allura ta fara hawa. Yawanci idan na yi doguwar tafiya ne sannan na faɗa cikin cunkoso. Da hanya ta buɗe na ɗan taka, cikin 'yan mintoci sai ta koma mazauninta. Abin da ya ɗaure mini kai, ba kowane cunkoso take yi ba. Akwai ranar da na tsaya cak cikin rana tsaka ba ta yi komai ba, akwai kuma ranar da ta yi da yamma liƙis.

Na ƙarshen nan shi ya tsorata ni. Allura ta kai gab da ja, na samu gefe na kashe. Ina jin ruwa yana ɓulɓul a ciki, robar ajiyar ruwa ta cika har baki. Washegari da safe na buɗe lagireto na ga ruwa ya yi ƙasa, sai da ya sha kusan lita guda, alhali robar tana nan cike yadda na bar ta. Ƙarƙashin mota babu ɗigo. Baƙin mai bai canja launi ba, salansa ba ta farin hayaƙi.

Na kai ta gareji, aka bar ta tana silo har fanka ta tashi ta mutu, ta sake tashi, ba ta nuna komai ba. Bakanike ya ce gasket ne, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, a sauke kan inji. Wani a gefe ya ce a cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗumama, a huta. Ni dai ba na son a taɓa injin da bai taɓa ganin sifana ba a kan zato. Ta yaya zan gane ainihin abin da ke damunta kafin a kai ga haka?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi daidai da ba ka bari an sauke kan injin ba. Gasket yana iya zama shi ne, amma shi ake tuhuma a ƙarshe, bayan an wanke masu sauƙi.

Motar da ke zafi jefi-jefi, lokacin da take yi shi ne shaida. Idan a tsaye take zafi, ta huce a guje, iska ce ba ta ratsa lagireto, wato fanka. Idan a guje take zafi ko a doguwar hawa, ta huce a silo, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata: ko lagireto ya toshe ta ciki, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye, ko tiyon ƙasa yana shaƙewa idan an taka totur. Taka tana cikin kashi na farko. Fankar da ta tashi a gareji ba ta wanke kanta ba, don ba mutuwa ta yi ba, yau ta yi gobe ta ƙi take yi.

Amma a bayaninka akwai abu na biyu, kuma shi ya fi jan hankalina: roba cike, lagireto ƙasa. Murfin lagireto bawul biyu gare shi. Ɗaya yana riƙe matsi, yawanci 0.9 ko 1.1 a ma'aunin matsi na "bar", za ka ga lambar a rubuce a kansa. Ruwa zalla a 100°C yake tafasa, amma ƙarƙashin wannan matsin sai ya kai wajen 120°C bai tafasa ba. Na biyun ƙarami ne a tsakiya, aikinsa idan inji ya huce ya bar ruwan da ya fita zuwa roba ya dawo gida. Idan murfin ya tsufa, ruwa yana fita da wuri kuma ba ya dawowa. Kullum lagireto yana raguwa kaɗan-kaɗan, iska tana maye gurbin ruwa, har ranar da cunkoso zai tona asiri. Duba murfin, ka duba ɗan siririn tiyon da ke zuwa robar, ko ya tsage ko ya toshe.

Gasket ma yana iya tura ruwa cikin roba, shi ya sa ba zan ce ka manta da shi ba. Kuma rashin farin hayaƙi da tsabtar baƙin mai ba su isa hujja ba, don akwai fashewar da hayaƙin silinda kaɗai ke shiga ruwa. Ga gwajin da ba ya cin komai. Da safe inji na da sanyi, cika lagireto, rufe, ka tayar. Matsa tiyon sama bayan minti ɗaya ko biyu. Idan ya yi tauri tun ruwa bai ɗumama ba, hayaƙi ne ke shiga. Ko ka bar murfin a buɗe ka kalli bakin lagireto: kumfa ɗaya-biyu iska ce ke fita, amma kumfar da ke tasowa a jere ba ta yankewa, wannan magana ce.

Roƙona ɗaya, kada ka buɗe murfin nan inji na da zafi, ko da tsumma. Kuma kada ka sake bari allura ta kai ja. Kan injin motocin wannan zamanin alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi. In ta fara hawa ba wurin tsayawa, kashe esi, kunna hita har ƙarshe, zai ɗan ja zafin kafin ka samu gefe.

Direban Dogon Zango:

Ɗan'uwa, ni dai abin da na gani da idona zan faɗa. Tawa ta yi mini irin haka, aka cire tamostat, aka haɗa fanka kai tsaye yadda da an murɗa makulli za ta tashi, ban sake ganin allura ta hau ba. Sannan ka sa a wanke lagireton. Motar da ta yi wannan tafiyar, musamman in ruwa zalla ake zuba mata, tsatsa da ƙasa sun cika shi. Ka leƙa tsakaninsa da kwandensar esi ma, wurin yana tara ƙura da ganye ba a gani.

Mai Wayarin:

Oga Direba, maganar wanke lagireto da leƙa bayan kwandensa gaskiya ce, ina tare da kai. Amma cire tamostat ban yarda ba. Allura ta daina hawa, i, sai dai injin ya koma aiki da sanyi. Kwamfutar motar tana ganin bai ɗumama ba sai ta riƙa ƙara masa fetur, mai ya ƙaru, filogi ya yi baƙi, injin ya riƙa cin kansa a hankali. A injuna da yawa kuma tamostat ɗin ne ke rufe 'yar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Ka cire shi, wani ruwan zafin ya riƙa zagaye a ciki. In ana zarginsa, a ciro shi a sa a tukunyar ruwa a ɗora a wuta da ma'aunin zafi. Lambar da zai fara buɗewa tana jikinsa, galibi 82 ko 88. In ya makara ko ya buɗe rabi, a sa sabo.

Malam mai tambaya, ga yadda za ka kama fankar da hannu dumu-dumu. Ranar da allura ta fara wuce tsakiya, tsaya, kada ka kashe, buɗe bonet ka duba. A wannan zafin dole fanka tana juyawa, don yawancinsu tun ruwa na 90 da wani abu suke tashi. In tana tsaye, kunna esi. A yawancin motocin shekarun nan esi yana tilasta mata tashi. In ta tashi da esi, motar fankar, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta, lafiya, matsalar tana wajen sensa mai auna zafi ko rile mai sakar wa fankar wuta. In ta ƙi, ɗauki ƙotar sukundireba ka ɗan ƙwanƙwasa bayan motar fankar. Ta zabura ta tashi? To kabon ɗinta, ɗan gawayin da ke kai wuta a cikin motar fankar, ya cinye, wani lokaci ya taɓa wani lokaci ya ƙi, ya danganta da inda ta tsaya. Hannunka da rigarka su yi nesa da fukafukan, ba ta sallama kafin ta tashi.

Rile kuma gwajinsa musanya ne. A akwatin fis za ka samu wani mai lamba iri ɗaya, sau da yawa na hon, ka sauya musu wuri. Ka zare soket ɗin fankar ma ka duba ko ya yi baƙi ko ya narke. In kana da ɗan na'urar OBD2 mai karanta kwamfutar mota, da ake haɗawa da waya, bar shi a jone kana tuƙi. Allurar dashbod ta motoci da yawa ba ta motsi sai zafi ya yi nisa, na'urar kuwa lambar gaskiya take ba ka.

Mai Tsohuwar Mota:

Allah Ya saka muku da alheri, na dawo da bayani.

Baba Bakanike, na fara da naka. Da na buɗe bonet da safe sai na ga tiyon sama ya shafe, ya lotse ciki, ina kwance murfi ya yi fus ya koma daidai. Robar murfin ta bushe ta tsattsage, ɗan bawul na tsakiya ya manne da tsatsa. Na sa sabo mai lamba 0.9 irin na da. Na yi gwajin sanyi: tiyo bai yi tauri ba sai da inji ya ɗumama, kumfa kuma ta fito kaɗan da farko ta tsaya. Tun daga nan ruwan roba yana hawa da zafi, ya sauka da safe, lagireto cike.

Duk da haka ta sake yi. Ina cikin cunkoso na'urar ta nuna 104, allura ta fara ɗagawa. Na tsaya na buɗe, fanka tsit. Na kunna esi, tsit. Na ƙwanƙwasa ta kamar yadda Malam Mai Wayarin ya ce, nan take ta ɗauka, ina kallo lambar ta gangaro zuwa 93. Wallahi daɗin da na ji a wurin nan ba ya misaltuwa, don na ga abin da idona.

An canja motar fankar. Oga Direba, naka ma ya yi amfani, abin da aka ciro tsakanin lagireto da kwandensa ya cika hannu biyu. Tamostat na bar shi a wurinsa. Yanzu tambayata, tunda ta taɓa kaiwa gab da ja, in saki jiki ko akwai sauran abin dubawa? Kuma ruwa zalla ne a ciki har yanzu.

Tsohon Bakanike:

Madalla, Malam. Saki jiki, amma da saura biyu.

Ruwa zallan nan a zubar da shi. Shi ya ci murfinka da tsatsa, kuma haka yake cin famfon ruwa da cikin lagireto. A wanke, a zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji mai kala, irin wanda littafin motar ya ce, rabi da rabi da tataccen ruwa in ba haɗaɗɗe ka saya ba. Kada a gauraya kala biyu. Wajen cikawa a kunna hita, a bar inji ya yi silo har fanka ta tashi, don iska ta fita. In hita yana ba da zafi yana yankewa, akwai sauran iska a ciki. Tunda za a zubar da ruwan, ni da zan sa sabon tamostat mai kyau a lokacin, wanda ya yi kilomita 310,000 ya gama biyan bashinsa. Tsohon kulan kuma kada a bar shi a ƙasa, yana da zaƙi, guba ne ga yara da dabbobi.

Na biyu, gasket. Gwajin safe ya ba da kwanciyar hankali, amma ƙaramar fashewa wani lokaci sai inji ya yi zafi yana jan kaya take buɗewa. Akwai gwajin ruwan shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, in hayaƙin silinda na shiga sai ya koma ruwan ɗorawa. Sa a yi maka bayan doguwar tafiya. Sannan ka ja layi da alƙalami a jikin robar, daidai inda ruwa yake da safe, ka riƙa dubawa kafin ka tayar har wata guda. In layin da ruwan suna tare, injinka ya tsira. In yana sauka ba ɗigo a ƙasa, dawo ka gaya mana, ka zo da hoton filoginka huɗu a jere yadda suke a inji.