Neman kalmar Hausa: me za mu kira "e-filing" na kotu?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa tafintoci da lauyoyi da 'yan jarida na Sakkwato. Kalmar da nake so mu tsayar da magana a kanta ita ce "e-filing", wato tsarin da lauya ko mai ƙara yake aika wa kotu takardun shari'arsa ta kwamfuta ko wayar hannu, ya biya kuɗin da aka yanka masa, a ba shi lambar ƙara, ba tare da ya taka ƙafa ofishin rajista ba. Babbar Kotun Jihar Legas ta fara wannan aiki tun 2013, dokokin aiki na Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2021 ma sun tanade shi, kotun kuwa tana da reshe a nan Sakkwato mai sauraren ƙararrakin Sakkwato da Kabi da Zamfara. Magana ta iso ƙofar gidanmu ke nan, amma har yanzu kowa da sunan da yake kiran abin. Wasu 'yan'uwa, ciki har da wani barista da wani tsohon magatakardan kotu, sun riga sun kawo shawarwarinsu, zan kuma amsa musu a nan.

Wanda ya fi yawa a bakin masu labarai shi ne "shigar da ƙara ta intanet". Yana da daɗin ji, sai dai bai ɗauke aikin duka ba. A Hausa sau ɗaya ake shigar da ƙara, kuma mai ƙara ne yake yi. Takardun da suke bi ta rajista kuwa sun fi haka yawa: akwai amsar wanda ake ƙara, da takardar rantsuwa, da roƙon da lauya yake gabatarwa ana tsakiyar shari'a, da jawabinsa na ƙarshe a rubuce, da sanarwar ɗaukaka ƙara. Idan mai labarai ya ce wanda ake ƙara "ya shigar da ƙara ta intanet" alhali amsarsa kawai ya aika, mai sauraro a Wurno ko Illela zai ɗauka cewa mutumin ya juya ya maka abokin shari'arsa a kotu ne, wanda kuwa labari ne dabam.

Wani ɗan'uwa ya kawo "ƙarar lantarki". Wannan kam ba sai mun daɗe a kanta ba, domin duk Basakkwacen da ya ji ta zai zaci kamfanin wuta aka kai ƙara, kuma da wuya ya ga laifin wanda ya kai.

Barista, na ga shawararka cewa a bar ta "ifayilin" tunda haka lauyoyi suke faɗa a tsakaninsu. Ranka ya daɗe, ba aro nake ƙi ba, domin kotu da lauya da rajista da sammaci da fayil duk aro ne, kuma sun zauna daram. Matsalar wannan ita ce ƙarshenta. Kunnen Bahaushe yana jin "fayilin" kamar magana ce da ba a ƙarasa ba, sai ya tsaya jiran a ce fayilin wane, ko fayilin wace ƙara. Ban da haka, ba ta ba mu aikatau da za mu sarrafa, alhali mai fassara kullum yana bukatar ya ce an yi, ko za a yi, ko an ƙi karɓa.

Abin da nake ba da shawara shi ne "shigar da takardun kotu ta intanet", a taƙaice kuma "shigarwa ta intanet" idan an riga an san zancen kotu ake yi. Dalilin da ya sa na dage a kan "shigarwa" maimakon "miƙawa" ko "turawa" yana cikin yadda aikin yake gudana a teburin rajista. Wanda ya saba zuwa ya san cewa miƙa takarda farkon aiki ne kawai. Ma'aikacin zai duba ta, ya lissafa kuɗinta ya rubuta a gefe, a je a biya a dawo da rasit, sannan ya buga hatimi mai ɗauke da kwanan wata, ya sa hannu, ya rubuta lamba. Kafin wannan hatimi takarda tana hannun ma'aikaci ne kawai, bayansa kuma ta shiga kundin kotu. A kwamfuta ma matakan suna nan yadda suke: danna maɓallin aikawa miƙawa ce, sai an biya kuɗi an kuma karɓa sannan ta zama shigarwa.

Wannan bambanci yana iya kashe ƙara ko ya raya ta, domin shari'a tana tafiya da wa'adi. Tsarin mulki, a sashe na 285, ya ba mai ƙalubalantar sakamakon zaɓe kwana 21 kacal daga ranar da aka bayyana sakamakon. Mai ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar da ba ta laifi ba yana da wata 3 idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 idan hukunci ne na tsakiyar shari'a. Idan tafinta ya gaya wa mutum cewa an shigar da takardarsa alhali turawa kawai aka yi ba a biya ba, sai ya je ya miƙe ƙafa har wa'adi ya wuce. Saboda haka ina roƙon mu riƙe kalmomin biyu, kowace a muhallinta, kada mu yi musanyarsu don gudun maimaici.

Allah ya gafarta malam, tsohon magatakardan kotun shari'ar Musulunci da ya yi mana gyara, maganarka tana kan hanya. Gaskiya ne cewa a kotunan alƙalai mutum da bakinsa yake kawo da'awarsa a rubuta masa, kuma jama'a "kai ƙara" da "yanko sammaci" suke cewa. Waɗannan suna nan ba mai taɓa su, kuma a hira ta yau da kullum ba laifi a ce wane ya kai ƙara ta intanet. Abin da muke nema shi ne lafazin da zai shiga takardar sanarwa da labaran rediyo da fassarar dokoki, inda kowace kalma take da nauyinta.

Shafin da ake shiga a yi wannan aiki kuma, ina ganin "rajistar kotu ta intanet" ta wadatar, tunda duk wanda ya taɓa shari'a ya san rajista da abin da ake yi a cikinta. Babban tsarin da Majalisar Shari'a ta Ƙasa take yaɗawa a kotuna, wanda ake kira NCMS (Nigerian Case Management System), sai mu ce masa "tsarin kula da ƙararraki". Abin da mai ƙara yake yi a cikinsa, na duba ranar zama da sanin ko an ɗage ko an isar da sammaci, shi ne "bibiyar ƙara". Na fi son "intanet" a kan "yanar gizo" a nan don gajarta kawai, wanda ya zaɓi ɗayar bai yi kuskure ba.

Ina kuma jan hankalin 'yan jarida kada su haɗa wannan da zaman kotu ta bidiyo, irin wanda Babbar Kotun Jihar Borno ta yi a watan Afrilun 2020 lokacin kullen korona. Ana iya shigar da takardu ta intanet a yi zama ido da ido, ana kuma iya shigar da su da hannu a yi zama ta bidiyo.

Saura takardar da kwamfuta take fitarwa bayan an karɓa, mai ɗauke da lambar ƙara da rana da lokaci. Wasu suna ce mata rasit, amma rasit na kuɗi ne, kuma mutum yana iya riƙe da rasit alhali rajista ta mayar masa da takardarsa don gyara. A kira wannan "shaidar shigarwa", kuma ita ya kamata mai ƙara ya ce lauyansa ya nuna masa.