Lif sifirin: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Malamin Sana'a: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar koyar da yaran gareji yadda ake kankare tsatsa da sake fentin sifirin babbar mota na hannu, wato jerin ƙarafan nan masu lanƙwasa da suke ɗauke da nauyin mota ta wajen tayoyi, irin wanda ake sayowa a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Suna ne ya tsayar da aikin. A gareji "lif sifirin" ake cewa, ko "sifirin" kawai, alhali kalmar ta haɗa har da mai naɗi na ƙananan motoci da ɗan mitsitsin na cikin biro. Wani ya kawo shawarar "sifirin ganye", tunda "lif" da Turanci ganye ke nan. Masu sana'a, me kuka gani?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, a bar ganyen nan. Ka aiki yaro Ƙofar Ruwa ya ce ganye yake nema, sai a nuna masa hanyar kasuwar kayan miya ta 'Yankaba. "Sifirin" ta riga ta zauna, ba mai tayar da ita. Abin da ake nema shi ne sunan kowane ƙarfe guda, kuma muna da shi: falle. Fallen kwano, fallen takarda, fallen zane. A ce sifirin falle, a ƙirga shi falle bakwai ko falle goma. Dogon na sama mai ido biyu, wato zoben da aka naɗe a kowane bakinsa, wanda muke kira "men lif", a ce masa uwa.

Tunda takardar ta koyarwa ce, a fara ta da kwancewa, don nan yara suke jin ciwo. Fallayen a matse suke da juna, ƙusar tsakiya ce, wato santa bol, take riƙe da su. Kafin a taɓa notinta a sa kilam, wato ƙarfen matse abu, guda biyu masu ƙarfi, ɗaya kowane gefe, a ɗaure tamau. A cire noti, in ya ci tsatsa a yanke shi, sannan a riƙa sassauta kilam ɗin kaɗan-kaɗan, wannan zagaye ɗaya, wancan zagaye ɗaya. Wanda ya kwance noti ba kilam, fallaye za su watse masa a ƙafa ko a fuska. Kafin a raba su kuma a sa wa kowane falle lamba da alamar gaba, a ɗaura masa ɗan kwali da waya, domin a motoci da yawa hujin tsakiyar ba a tsakiya sak yake ba. Aka juya shi, aksil, wato ƙarfen da yake riƙe da tayoyi, ya goce daga wurinsa.

Maƙeri: Oga, falle ya yi, amma ni "sifirin baka" na fi so. Duk wanda ya gan shi a jingine ya san siffar baka ce, kuma wannan lanƙwasar ita ce ƙarfinsa.

Malamin Sana'a: Baba, a baki ya yi daɗi, a rubuce ne matsalar. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, mai karatu zai ɗauke shi kamar "waƙar baka" ko "labarin baka".

Bakanike: Ga shi kuma in an loda wa mota kaya yakan miƙe sambal. Amma kada a yar da kalmar Baba, a ba ta lanƙwasar: "bakansa ya kwanta". Ana buƙatarta wajen awo. Tun sifirin yana haɗe, a ja zare daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido, a auna daga zaren zuwa kan uwa daidai santa bol. A yi wa na dama da na hagu. In sun bambanta sosai motar za ta karkata, fenti kuwa ba ya maganin wannan. Shi ya sa bibbiyu ake saye, ba a haɗa sabo da tsoho a aksil guda.

Maƙeri: Na yarda, to a rubuta wannan da manyan baƙi: ba a sa wa falle wuta. Akwai masu jefa shi cikin wutar taya wai tsohon fenti da tsatsa su zube, akwai masu hura masa wutar walda. Ƙarfen nan an gasa shi a masana'anta, an tsoma shi a mai, an sake ɗumama shi da awo har ya samu taurin da zai lanƙwashe ya dawo. Zafi ya wuce misali, wannan taurin ya tafi, falle zai kwanta ko ya karye a inda aka ƙona. Haka walda. Fallen da ya tsage ya gama aikin mota, ku kawo mana maƙera, adda da wuƙa da fartanya suna jiransa.

Mai Fenti: Ni ma falle na zaɓa. Ga nawa ɓangaren. A fara wanke maiko da kananzir, a bi da ruwan omo, a shanya. Wanda ya sa burushi kan maiko, shafe ƙarfen zai yi da shi, fenti kuma ya ƙi kamawa. Ɓawon tsatsa mai kauri a ɓamɓare shi da ƙaramar guduma, sannan burushin waya a kan giranda. A sa tabarau da takunkumi, wayoyin burushi suna tsinkewa su yi tsalle. Bayan nan samfefa mai lamba 80, a gama da 120.

Inda ake ɓata aiki shi ne dutsen giranda. Ba a sa shi a fuskar falle, musamman ta sama, wadda take ciki wajen lanƙwasa, don ita ce take miƙewa in kaya ya hau. Masana'antu sukan yi wa wannan fuskar feshin ƙananan ƙwallayen ƙarfe don kada ta tsage da wuri, dutse kuwa cinye wannan fatar yake yi. Gogewa ma a bi tsawon falle. Zanen da ya gitta shi a faɗi, nan tsaga take farawa.

Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil su ma a'a. Suna cin tsatsa da sauri, amma suna cusa haidirojin cikin ƙarfe mai tauri, ya yi gautsi, wata rana ya ɓalle ba gargaɗi. In ramukan tsatsa sun ƙi fita, a shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, siriri, ya mai da ita baƙa, a bar shi ya bushe yadda aka rubuta a jikin gwangwanin.

Bakanike: Kafin fenti a duba tsaga, tunda fenti rufe ta zai yi. A shafa kananzir a gefen hujin tsakiya da wuyan ido, a jira minti goma, a goge tas, a barbaɗa garin alli. In da tsaga, kananzir ɗin da ya shige zai fito ya zana siririn layi mai duhu a kan farin allin. A duba kuma ƙasan kowane falle, inda bakin gajeren da ke ƙarƙashinsa yake gurza. In ya haƙa gurbin da farce yake maƙalewa sosai, a canza fallen. In ɗan kaɗan ne, a lallashe shi, a dakushe kaifin bakin gajeren da zarto.

Malamin Sana'a: To "faraima" fa? Fentin farko?

Mai Fenti: "Fentin shimfiɗa" ya fi faɗin aikinsa, a kansa ake ɗora na sama. Jan nan mai hana tsatsa ya isa. A goge ƙarfen da tina, a shafa shimfiɗa a ranar da aka kankare, balle da damina, ƙarfen da ya kwana tsirara da safe ya yi ja. A sirka da tina kamar kashi 10 cikin 100, hawa biyu sirara, sannan baƙin fentin mai hawa biyu, kwana guda tsakanin kowane hawa. A rataye fallayen da waya ta hujin tsakiya. Da hunturu a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a yi aikin da safe kafin iska ta taso. Kauri shi ne abokin gaba: fuskokin da suke haɗuwa, musamman tsakiya inda yubol, lanƙwasasshen ƙarfen da yake ɗaure sifirin a jikin aksil, yake matsewa, shimfiɗa siririya ta wadatar. Fenti mai kauri murƙushewa yake yi a ƙarƙashin kaya, yubol ya saki, fallaye su fara motsi, tsaga ta kama daga hujin santa bol. A ba shi kwana uku zuwa mako ya yi tauri kafin a haɗa. Tsakanin fallaye kuma ni na fi son a shafa giris kaɗan.

Bakanike: Nan muka raba gari, Maigida. A ƙurar Kano giris yana kwasar rairayi ya zama samfefa tsakanin ƙarafa. A sa garin girafayit busasshe, irin baƙin nan na cikin fensir, ko robobin da ake sawa a bakin falle in sifirin ɗin ya zo da gurbinsu. Giris kuma kada ya taɓa bushin na roba da ke cikin idon sifirin, kumbura shi yake yi.

Mai Fenti: Ga motar da take bin hanyar ƙasa, ka yi gaskiya. Malam ya rubuta girafayit.

Malamin Sana'a: An rubuta: sifirin falle, sifirin naɗi, uwa, ido, bakan sifirin, fentin shimfiɗa. Santa bol da yubol fa, a nema musu Hausa?

Bakanike: A bar su yadda suke, da su ake ciniki a kasuwa. A dai ƙara cewa sababbi ake sawa, tsohon yubol ya riga ya miƙe, ba zai riƙe ɗauri ba. A ɗaure notinsa a gicciye, a hankali, har su yi daidai. Notin shakul kuma, wato ƙarfen da yake rataye idon sifirin a jikin mota, sai an sauke jak, nauyin mota ya hau sifirin, sannan a ƙarasa ɗaure shi, in ba haka ba bushin zai zauna a murɗe ya yage. Bayan tafiyar farko da kaya a sake bin yubol da sifana, don fallaye sukan zauna.