Sakata ta ƙi rufewa kan harsashin ɗurin hannu, kunkunniya ce ko kwanso?

Habibu: Salamu alaikum 'yan zaure. Bindigata ce .308 Winchester mai sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a ɗakinsa. Harsashin da nake ɗurawa da hannuna yanzu sai na danna sakata da ƙarfi kafin ta rufe, bayan harbi kuma ɗaga ta sai da gumi. Na haska tocila cikin ɗakin harsashin, na ga wani baƙin zobe can gaba. Da me kuke kankare shi?

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ka daina harba waɗannan harsasan. Sakatar da ke taurin ɗagawa bayan harbi alama ce ta matsi ya yi yawa. Sannan ka amsa mini: na kamfani yana shiga lafiya?

Habibu: Yana shiga, Malam, amma shi ma da ɗan cijewa a ƙarshe.

Malam Garba: To ka haɗa guda ɗaya na gwaji, babu albarushi babu makunni (ɗan abin da ke kunna albarushi a gindin kwanso). Ka shafe shi da baƙin alƙalamin maka tun daga kan harsashi har kafaɗar kwanso, inda yake tsukewa zuwa wuya, ka saka, ka rufe, ka fito da shi a hankali. Inda tawadar ta goge, nan matsalar take. In a kafaɗa ne, ba ka mayar da ita baya ba wajen matse kwanso, kuma inci 0.002 kawai ake buƙata. In a jikin ƙwayar harsashin ne aka ga ƙananan tsagogi a kewaye, ka zaunar da shi da tsawo har ya taɓa zanen bututu, wato tsagogin da ke murza harsashi a cikinsa. In a bakin wuyan kwanso ne, to a yi maganar kunkunniya.

Ɗanjuma: Ni dai na sha ganin mutum ya kwana yana gurzar bindiga alhali wuya kaɗai yake matsewa sau biyar, sau shida, kafaɗa ta kumbura. Buroshi ba ya maganin wannan.

Habibu: Na yi. Kafaɗa ba ta taɓu ba. Bakin wuyan ne ya goge zagaye, har da ɗan lotsawa ciki.

Baba Audu: Yaro, auna tsawon kwansonka ka faɗa mana. Na da, da na yanzu.

Habibu: Tsofaffin na yanke su inci 1.995, Baba, don na huta da yawan yanka. Sababbin da na fara amfani da su 2.010 suke.

Baba Audu: Ga ɓarawon nan an kama. Iyakar kwanson .308 inci 2.015 ne, ana yanke shi zuwa 2.005. Da ka rage naka sosai, ka bar fili tsakanin bakin kwanso da ƙarshen wuyan ɗakin. Duk harbi hayaƙin albarushi yana sauka a filin nan, zafi da matsi suna gasa shi, har ya taurare kamar kwalta. Yanzu doguwar kwanso ta zo ta hau kan zoben, shi kuma ya matse bakinta a kan harsashi. Harsashi bai samu sakewa da wuri ba, matsi ya tashi. Abin da ke faruwa ke nan ga mai yawan harba .38 Special a bindigar .357 Magnum, in ya koma kan .357 mai dogon kwanso sai ya ƙi shiga.

Wankin kuwa haƙuri yake so. Ka tabbatar babu harsashi, ka cire sakata. Ka jiƙa ƙyalle da maganin kabon, wato mai narkar da kunkunniya, ka tura shi daidai kan zoben ka bar shi ya jiƙu, bakin bindiga na kallon ƙasa kaɗan don kada ruwan ya gangara cikin kunama. Bayan nan ka ɗauki buroshin tagulla wanda ya ɗara na bututunka kauri, kamar na .338 ko .35, ka ɗaura a gajeren tsinken da ba ya juyawa, ka murza da hannu sau ashirin ko talatin. Ka goge, ka duba, ka sake. Ba lallai ya fita a zama ɗaya ba.

Ɗanjuma: Wane magani, Baba? Ni Bore Tech C4 nake amfani da shi, ba shi da warin amoniya. Hoppe's No. 9 yana wankin yau da kullum amma zoben da ya daɗe yakan gagare shi.

Baba Audu: C4 ɗin ya yi. Wasu man Kroil suke bari ya kwana. In ya ƙi, sai a shafa JB ko Iosso kaɗan a ƙyallen da aka naɗe a tsohon buroshi. Amma su masu gurza ne, a wurin zoben kawai, kada a zarce.

Sagir: Ku sa buroshin a injin huji mana, minti ɗaya an gama.

Malam Garba: A'a, Sagir. Akwai masu yi a hankali, amma wanda bai saba ba zai shige wuya ya ci farkon zanen bututu, kuma ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa. Buroshin baƙin ƙarfe ma a bar shi. Haka masu amoniya irin Sweet's 7.62, aikinsu narkar da jan ƙarfe ne, kuma ba a barinsu su wuce minti 15.

Sagir: Na janye, ranka ya daɗe.

Ɗanjuma: In da hali ka nemi 'yar kyamarar leƙa bututu, irin ta Teslong. Tocila tana ruɗi, inuwar gaɓar ƙarshen wuyan ɗakin ma sai ta yi maka kama da zobe. Kuma in ka gama ka busar da ɗakin tas. Mai a ciki yana hana kwanso kama bango, nauyin duk ya koma kan sakata.

Habibu: Na dawo da labari. Jiƙo uku ya ci, na biyun ya kwana. Sai a na ukun ƙyallen ya fito da ɓarɓashi baƙi ƙirin mai kama da garin gawayi. Na gwajin yanzu da yatsa biyu nake rufe sakata a kansa, tawadar ba ta goge ko'ina ba.

Baba Audu: Madalla. Tsofaffin gajerun nan ka ware su gefe, sababbin ka daidaita su 2.005 gaba ɗaya. Kuma awon albarushin da ka tsayar lokacin zoben yana nan, kada ka amince da shi. Ka koma awon farko na littafin ɗuri ka hau a hankali.

Habibu: Zan yi haka, Baba. Malam, waɗanda na riga na ɗura guda arba'in fa?

Malam Garba: Zare su za ka yi.