Sunayen Gumakan Girka a Ajin Likitanci

Malam Habu: Jama'a, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗalibai na haddace tatsuniyoyin Girka ba su sani ba. Ƙashin wuya na farko, mai ɗauke da kai, Atlas ake ce masa, wai ƙaton da ya tallafi sama. Agara an laƙaba mata Achilles, jarumin da kibiya ta kashe ta diddige. Morphine, maganin kashe zafin ciwo, daga Morpheus ne, gunkin mafarki. Ina laifin mu koyar da namu sunayen?

Hajiya Rabi: Malam, wannan ba tatsuniya ba ce. Tatsuniya da dare ake yinta, a buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus", kowa ya san ƙirƙira ce. Girkawa kuwa bauta suke yi. Wasannin Olympia da aka soma a 776 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), don Zeus, babban gunkinsu, ake yinsu, har da yankan shanu 100.

Malam Habu: Ki ce almara, to.

Injiniya Bello: Almara ma ba ta ɗauke shi ba. Ku dubi ma'adinan Jos: daga kwalambait ake fitar da ƙarfen niobium, sunan Niobe 'yar Tantalus a labaran Girka, saboda tare ake samun sa da tantalum, raba su kuma da wuya. Taurari ma haka, Jupiter da Mars.

Dakta Sa'a: Injiniya, ka yi kuskure. Jupiter da Mars na Rumawa ne, na Girka Zeus da Ares. Cikin manyan duniyoyin da ke kewaya rana, Uranus kaɗai ne asalinsa Girkanci.

Injiniya Bello: Ai Rumawa kwafa suka yi. Ku likitoci ma ba ku gyara alamarku ba. Sandar Asclepius, gunkin magani, maciji ɗaya gare ta, ita ce a tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya. Mai macizai biyu da fukafukai ta Hermes ce, gunkin 'yan kasuwa. Sashen lafiya na sojan Amurka ya ɗauke ta a 1902, asibitoci suka bi.

Dakta Sa'a: Kuskuren Amurkawa ne, kada a ɗora mana.

Hajiya Rabi: Bari in tattara. An yarda kalmar Malam Habu ba ta dace ba, addini ne ba tatsuniya ba, Dakta kuma ta gyara wa Injiniya.

Malam Habu: Hajiya, wa ya yarda? Maganar agara nake yi, har yanzu ba wanda ya taɓa ta.